Tambaya da Amsa: Molina ya ajiye safar hannu, me masoyansa suke yi wa kuka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a nan Maradi, ina zaune a unguwar Zariya. Na fara kallon wasan besbol ne ta dalilin yayana da ke tuƙin babbar mota a Amurka, wanda ya riƙa aiko mani da guntayen bidiyo ta WhatsApp har abin ya shiga raina, na koma ina neman wasannin da kaina a intanet. Ƙungiyata ita ce Cardinals ta birnin St. Louis, gwanina kuwa shi ne mai cafensu, Yadier Molina, wanda ya yi ritaya a ƙarshen kakar 2022. Daren wasansa na ƙarshe ban runtsa ba har aka tashi gab da kiran assalatu, kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi ƙwalla. Da na ba abokaina labari a fada sai suka yi ta yi mani dariya, suna cewa mutumin da ba shi da aiki sai ya tsuguna a jefo masa ƙwallo ya cafe, ai ko gola ya fi shi shan wahala. Na san ba haka abin yake ba, amma na kasa kare gwanina da hujja. Ina roƙon ka fayyace mana aikin mai cafe, ka kuma faɗa mani gaskiya ko yabon da ake yi wa Molina ya dace da shi.

Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Abokanka ba su yi laifi ba, domin duk wanda ya fara kallon besbol ƙwallo yake bi da ido, ita kuwa ƙwallo tana fita ne daga hannun mai jifa ta nufi kulkin mai bugu, saboda haka mutumin da ke tsugune a baya, fuskarsa rufe da ragar ƙarfe, shi ne na ƙarshe da ido yake sauka a kansa. Amma ƙwallarka ba ta zuba a banza ba, kuma zan kawo maka hujjar da za ka koma fada da ita.

Mu fara da fili, saboda masu karatun da ba su taɓa ganin wasan ba. Akwai zango huɗu da ke kewaye, na ɗaya da na biyu da na uku da kuma gida, tsakanin kowane biyu akwai tazarar mita 27 da ɗoriya, kuma ana cin maki ne idan ɗan wasa ya zagaye su duka ya dawo gida. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, mita 18 da rabi daga gida, yana jefo ƙwallo mai tauri da nauyinta ya kai kusan giram 145, da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa, ta yadda takan iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Idan jifar ta bi ta cikin iyakar da aka ƙayyade, wato faɗin farantin gida daga gwiwar mai bugu zuwa wajen ƙirjinsa, shi kuwa bai buga ba, ko kuma ya kai bugu ya saɓa, sai alƙali ya ƙirga masa ɗaya, idan aka ƙirga masa uku ya fita. Ƴan wasa tara ne ke tsaron fili, takwas daga cikinsu gida suke fuskanta. Mai cafe ne kaɗai yake zaune a wurin da yake ganin filin gaba ɗaya, kuma daga wannan zaman ne duk sauran aikinsa ya samo asali.

Babban abin da abokanka ba su sani ba shi ne, a mafi yawan lokaci ba mai jifa ne yake zaɓar irin jifar da zai yi ba. Mai cafe ne yake zaɓa. Kafin kowace jifa yakan saukar da hannunsa tsakanin cinyoyinsa, inda abokan hamayya ba su gani, ya nuna yatsa ɗaya idan yana son mai gudu, biyu idan yana son mai lanƙwasa, sannan ya nuna ɓangaren da yake so ta bi, ciki ko waje, sama ko ƙasa. A kakar 2022 an amince da wata ƴar na'ura mai suna PitchCom da mai cafe yake latsawa saƙon ya shiga kunnen mai jifa, domin a magance satar alamu, amma a mafi yawan lokaci shawarar tana nan a hannun mai cafe. Wannan zaɓi yakan yi shi kusan sau 140 ko fiye a wasa guda, kuma kowane zaɓi yana buƙatar ya san raunin wanda ke riƙe da kulki, ya tuna abin da aka jefa masa a zagayen baya, ya lura da yadda ya kafa ƙafafunsa a wannan karon, ya kuma san ko hannun mai jifarsa ya fara gajiya ko zuciyarsa ta fara rawa. Ka ga dillali a kasuwar bisashe, wanda baƙo zai ɗauka zaman banza yake yi, alhali ya san halin mai saye da na mai sayarwa, ya san aibin kowace dabba, kuma ba a ƙulla ciniki sai da ƙiftawar idonsa. To haka mai cafe yake a bayan gida.

Bari in nuna maka dare ɗaya, domin gani ya kori ji. A ranar 19 ga Oktoba 2006, Cardinals sun je birnin New York buga wasa na bakwai, wanda shi ne na raba gardama, da ƙungiyar Mets, wanda ya ci shi zai tafi gasar ƙarshe ta World Series. Molina yana da shekara 24 a lokacin, kuma a kakar nan bugunsa ya yi rauni ƙwarai, domin a cikin kowace dama ɗari bai yi nasara ba sai a kusan 22. An shiga zagaye na tara, wanda a ƙa'ida shi ne na ƙarshe, ana kunnen doki, ɗaya da ɗaya, sai ga wannan yaron da ba wanda ya sa rai da shi ya ɗaga ƙwallo ta haye shinge, ya kawo maki biyu, nasa da na abokinsa da ke kan zango. Wannan bugun shi ake ta maimaitawa a bidiyo har yau. Amma ni abin da ya biyo baya ne ya fi ɗaukar hankalina. Mets sun dawo sun cika zango uku da mutanensu, saura mutum ɗaya a fitar a tashi, wanda ya zo bugu kuwa shi ne Carlos Beltrán, gwarzon da ya daɗe yana wahalar da Cardinals, mai jifa kuma Adam Wainwright ne, sabon shiga a kakarsa ta farko cikakkiya. A irin wannan hali kowa yana tsammanin yaro zai jefa mafi ƙarfin abin da yake da shi. Molina sai ya nemi a fara da jifa mai sanyi, wadda take fitowa daga hannu kamar mai gudu amma ta iso a makare, Beltrán ya tsaya yana kallo aka ƙirga masa ɗaya. Ta biyu mai lanƙwasa ce, ya taɓa ta ta fita gefe, aka ƙirga biyu. Ta uku ma mai lanƙwasa ce, ta taso sama kamar za ta wuce, sannan ta faɗo cikin iyaka, Beltrán bai ko motsa kulkinsa ba, wasa ya ƙare uku da ɗaya. A takardar sakamako sunan Wainwright aka rubuta a gaban waɗannan jifa uku, babu inda aka rubuta sunan wanda ya tsara su. Bayan kwanaki kaɗan Cardinals suka doke Detroit suka ɗauki kofin, suka sake ɗauka a 2011 a hannun Texas, duka biyun Molina ne tsugune a bayan gida.

Wainwright da Molina sun ci gaba da aiki tare har tsufa ya same su a fili. A ranar 14 ga Satumba 2022 suka fara wasa na 325 tare, ɗaya yana jifa ɗaya yana cafe, suka karya tarihin da Mickey Lolich da Bill Freehan na Detroit suka kafa na wasa 324, kuma kafin kaka ta ƙare sun kai 328. A zamanin da ƴan wasa ke sauya ƙungiya duk bayan ƴan shekaru saboda kwantiragi, da wuya a sake ganin mutum biyu da za su kai wannan adadi.

Akwai aikin karɓar ƙwallo ita kanta, wanda shi ne abokanka suka raina. Jifar da ta bi ta bakin iyaka, idan mai cafe ya karɓe ta da hannu mai rawa sai alƙali ya ce ta fita, idan kuwa ya karɓe ta a natse, ya riƙe safar hannunsa wuri ɗaya, sai a ƙirga wa mai bugu. Jifar da ta daki ƙasa kafin ta iso kuma ba a cafe ta da hannu, sai dai mutum ya zube a kan gwiwoyinsa ya tare ta da ƙirji, domin idan ta kuɓuce ta wuce baya, wanda ke zango na uku zai ruga ya shigo gida. Mai jifar da ya amince da mai cafensa yakan saki jiki ya jefa mai lanƙwasa har ƙasa ko da akwai mutum a zango na uku. Wanda bai amince ba yakan ɗaga ta sama kaɗan don tsoro, a nan ne kuma ake buge ta.

Inda Molina ya yi fice har abokan hamayya suka riƙa shakkarsa shi ne wajen kama masu satar zango. Mai gudun da ke zango na ɗaya yana da damar ya ruga zuwa na biyu da zarar mai jifa ya motsa, kuma gwanin gudu yakan isa cikin daƙiƙa uku da rabi ko ƙasa da haka. Yunƙurin mai jifa da tafiyar ƙwallon sukan cinye fiye da daƙiƙa ɗaya, saboda haka abin da ya rage wa mai cafe kusan daƙiƙa biyu ne kacal, a cikinsu zai karɓi ƙwallon, ya fitar da ita daga safa, ya miƙe daga tsuguno, ya wurga ta tazarar kusan mita 39, ta faɗa daidai ƙafar mai gudu. A tsawon rayuwarsa ta wasa Molina ya kama kusan mutum 40 cikin kowane ɗari da suka gwada shi, wanda ya zarce abin da aka saba gani a zamaninsa nesa ba kusa ba. Sai dai wannan adadin ma bai faɗi labarin duka ba, domin da ƙungiyoyi suka gane hannunsa sai suka daina gwadawa, har ya kasance a shekarun da ya yi yana cafe babu ƙungiyar da aka yi wa ƙarancin satar zango kamar Cardinals. Yana kuma da wata dabara da shi da Albert Pujols, mai tsaron zango na ɗaya, suka ƙware a kanta: idan mai gudu ya yi sakaci ya ɗan yi nisa da zangonsa bayan jifa, sai Molina ya wurgo ƙwallo ta bayan mai bugu kamar walƙiya, Pujols ya taɓa mutumin kafin ya koma. Mai gudun da ya san haka yakan manne da zangonsa, taku ɗaya ko biyun da ya rasa kuwa su ne sukan hana shi isa gida idan aka yi bugu. A ra'ayina a nan girman Molina yake, a cikin satar da ba a gwada ba da makin da ba a ci ba, kuma wannan ne ya sa kare shi da baki yake yi maka wuya, tun da babu bidiyon abin da bai faru ba.

Batun wahala kuwa, ban so mu raina gola, amma a duba lissafi. Kakar besbol wasa 162 ce cikin wata shida, kusan kullum ake bugawa, a zamanin Molina kowane wasa yakan ɗauki kusan awa uku, kuma mai cafe yana tsugunawa yana miƙewa a kowace jifa, sanye da ragar fuska da sulken ƙirji da makarin ƙwauri, a cikin zafin bazarar Missouri, jihar da birnin St. Louis yake. Molina ya yi cafe a wasa 2,184. Ƙwallon da ta goga kulki ta sauya hanya ba ta ba mutum lokacin kaucewa, takan same shi a yatsa ko wuya ko kafaɗa. A watan Mayu 2018 wata jifa mai gudun fiye da kilomita 160 a awa ta goga kulki ta same shi a mararsa, aka yi masa tiyatar gaggawa a daren, amma bayan kimanin wata guda ya dawo ya tsuguna a wurin, kuma a ƙarshen wannan shekarar ya karɓi kyautar Safar Zinariya ta tara, wadda ake ba wanda ya fi kowa iya tsaro a matsayinsa. Takwas na farko a jere ya karɓe su, daga 2008 zuwa 2015.

Sana'ar gado ce a gidansu. An haife shi a 1982 a Bayamón da ke tsibirin Puerto Rico, shi ne auta cikin maza uku, kuma yayyensa biyu, Bengie da José, duk masu cafe ne da suka buga babbar gasar Amurka, dukansu uku kuma sun ɗauki kofin World Series, abin da ba a taɓa gani ba a wurin ƴan'uwa uku. Mahaifinsu ma'aikacin masana'anta ne kuma sanannen ɗan besbol a tsibirin, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana koyar da yaran unguwa, har ajali ya same shi a 2008 a filin wasan da yake koyarwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da guguwar Maria ta ragargaza Puerto Rico a watan Satumba 2017, Molina ya koma gida ya shiga rabon abinci da ruwa da kansa, abin da ya sa aka ba shi kyautar Roberto Clemente a 2018, wadda ake bayarwa don hidimar jama'a.

Ka ce in faɗa maka gaskiya, to ga ɓangaren da ba zai yi maka daɗi ba. Molina ba ya cikin manyan mabuga na tarihi. Ya gyara bugunsa ƙwarai, har a 2012 da 2013 ya shiga sahun gaba, kuma ya tara bugu 2,168 masu kyau, wato waɗanda suka kai shi zango lafiya, amma sau 176 kawai ya haye shinge cikin shekara 19, gudu kuwa ba shi da shi ko kaɗan. A kakarsa ta ƙarshe gwiwa ta ci amanarsa, ya yi makonni yana jinya, kulkinsa kuma ya yi sanyi. Wanda ya ce ya kamata ya ajiye tun kafin lokacin yana da abin faɗa. Ni dai ina ganin ƙungiyar ta san abin da take biya, domin masu jifarta ne suka fi kowa son ya zauna. Wasan da ka kwana kallo, na ranar 8 ga Oktoba 2022, Philadelphia ce ta ci biyu da nema ta fitar da Cardinals, amma ka tuna a zagaye na tara, saura mutum ɗaya a tashi, Molina ya ƙi yarda a rufe wasan a kansa, ya yi bugu ya isa zango na ɗaya, sannan aka sauya shi da mai gudu. Shi da Pujols a dare ɗaya suka yi sallama da fili.

Idan ka koma fada, Malam, kada ka nuna masu bidiyon bugu. Ka nemi zagaye ɗaya cikakke, ka ce su manta da ƙwallo su zuba wa mai lamba 4 ido: yatsunsa, yadda yake gusawa gefe a daƙiƙar ƙarshe don kada mai bugu ya gane, yadda yake nuna wa masu tsaro su matsa hagu ko dama, da lokacin da yake tashi ya taka zuwa tudu ya yi wa mai jifa magana a kunne.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma ƙanena ne ya sa ni kallon wasan. Shin Molina ne mai cafe mafi girma a tarihi, za a kuma sa shi a zauren gwaraza? Wa zai gaje shi?

Daga wata ɗaliba, Maradi

AMSA

Barka kadai, ƴata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ba zan ce shi ne mafi girma ba. Johnny Bench na Cincinnati ya karɓi Safar Zinariya goma, ga kuma ƙarfin bugun da Molina bai kusanta ba. Iván Rodríguez, wanda shi ma ɗan Puerto Rico ne, ya karɓi 13, ya kuma yi cafe a wasa 2,427, adadin da ba wanda ya kai. Molina shi ne na huɗu a yawan wasanni, sai dai Rodríguez ƙungiya shida ya yi wa wasa, shi kuwa Molina tun da Cardinals suka ɗauke shi a shekarar 2000, ya fara buga babbar gasa a watan Yuni 2004, bai taɓa sa rigar wata ƙungiya ba, kuma babu mai cafen da ya yi wa ƙungiya ɗaya wasanni da yawa kamarsa. Idan tsaro da jagorancin masu jifa kaɗai ake aunawa, ina sa shi cikin ukun farko ba tare da shakka ba.

Zauren gwarazan, inda ake karrama fitattun ƴan besbol na tarihi, yana garin Cooperstown a jihar New York. Ƙa'ida ita ce ɗan wasa ya cika shekara biyar da ritaya, sannan ƴan jaridar da suka daɗe suna rubutu a kan wasan su kaɗa ƙuri'a, kuma sai ya samu kashi 75 cikin ɗari. Ke nan sunan Molina zai fito ne a zaɓen 2028. Ya zuwa 2022 masu cafe biyu ne kawai suka shiga a karon farko, Bench a 1989 da Rodríguez a 2017, domin masu zaɓe sun saba auna mutum da kulkinsa. Ina kyautata zaton zai shiga, ko da an ɗan ja masa rai.

Magaji kuwa an same shi tun a shekarar da Molina ya yi ritaya. A watan Disamba 2022 Cardinals suka ɗauki Willson Contreras, ɗan ƙasar Benezuwela, daga hannun manyan abokan hamayyarsu Cubs na Chicago, a kan kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 87 da rabi. A lokacin Contreras ya fi Molina na shekarun ƙarshe ƙarfin bugu, hannunsa ma yana da kyau wajen wurgi. Jarrabawarsa a wancan lokacin tana wajen masu jifa, waɗanda da yawansu ba su taɓa sanin wani mai cafe na dindindin ba sai Molina, ciki har da Wainwright, wanda ya ƙara kaka ɗaya a 2023 yana da shekara 41.